Shin gasar wasan bidiyo caca ce?

An daɗe ana faɗa a majalisun iyaye, daga Agege har Idi-Araba, cewa yaron da ya shiga gasar wasan bidiyo ya faɗa caca. Tsoron ba a banza yake ba, domin a Legas shagon gem da shagon caca kan zauna jikin juna, kowanne da talabijin ana buga ƙwallo.

Amma ba ɗaya ba ne. A shagon caca akwai ƙwallon da kwamfuta ke bugawa ita kaɗai. Mutum ya zuba kuɗi, ya karɓi tikiti, ya zuba ido. A gasa kuwa, na'urar tana hannun yaro, wanda ya fi atisaye da saurin yatsa shi ke cinyewa.

Inda ya kamata a sa ido daban ne. Wasu wasannin suna sayar da akwatin da ba a sanin abin da ke ciki sai an biya, wannan kam ya yi kama da caca. Haka in yara suka ajiye kuɗi, wanda ya ci ya kwashe.

Ganewa ba wuya. Ku zauna kusa da yaronku ku kalli wasa ɗaya: hannunsa na aiki, ko jira kawai yake? Ku tambayi inda kyautar gasar ke fitowa, daga masu ɗaukar nauyi ko daga aljihun yaran. Sannan ku duba saƙonnin cire kuɗi a wayarsa.

Don Allah a tura wa sauran iyaye.