Buɗe Fayil ɗin da Ba a San Nau'insa Ba da Mayar da Shi Rubutu

A fannin kwamfuta, fayil ɗin da ba a san nau'insa ba shi ne wanda na'ura ta rasa manhajar da za ta buɗe shi da ita, galibi saboda wutsiyar sunansa, wato haruffan da ke biyo bayan ɗigo, ta ɓace ko kuma ba ta nuna abin da ke ciki. Wutsiyar .dat ce ta fi shahara a wannan rukuni, domin manhajoji masu yawa suna amfani da ita ba tare da wata ƙa'ida ɗaya ba. A faifan bidiyo na VCD, fayil mai suna AVSEQ01.DAT fim ne na tsarin MPEG-1, shi kuwa winmail.dat ƙunshi ne da manhajar Outlook kan liƙa wa saƙon imel, wanda a cikinsa ake iya samun takardar da aka aiko.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sauya wutsiyar zuwa .doc ko .txt da zaton an mayar da fayil ɗin takarda ke nan. Sauya suna ba ya taɓa ko da bayit ɗaya, wato ƙaramin ma'aunin bayanan kwamfuta, na abin da ke ciki, don haka aikin farko shi ne gano ainihin nau'in. Yawancin tsare-tsare suna da hatimi a farkon fayil, wanda ake gani da zarar an buɗe kwafinsa da Notepad: PDF yana farawa da %PDF, RTF da {\rtf, ƙunshin ZIP kuma, wato fayilolin da aka matse wuri ɗaya, da haruffan PK, farkon sunan Phil Katz wanda ya ƙirƙiro tsarin a 1989. Wannan hatimi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin tun daga Office 2007 takardar Word ta DOCX ƙunshin ZIP ce, rubutun kuma yana cikin word/document.xml, saboda haka ko da takardar ta ƙi buɗuwa a Word, ana iya warware ƙunshin a ceto kalmomin. Idan kuwa haruffan farko MZ ne, to manhajar Windows ce, ba takarda ba, kuma bai kamata a kunna ta ba sai an tabbatar da inda ta fito. Umarnin file na Unix, wani tsarin gudanar da kwamfuta, wanda ake amfani da shi tun 1973, da manhajar DROID ta Ma'ajiyar Tarihi ta Birtaniya, suna yin wannan bincike da kansu.

Bayan an gano nau'in, sai a buɗe fayil ɗin da manhajar da ta dace, kamar Word ko LibreOffice, a sake adana shi a matsayin DOCX, ODT ko TXT. PDF ɗin da aka samar daga hoton takarda ba shi da haruffa a cikinsa, sai an bi da shi ta manhajar karanta rubutu daga hoto, irin su Tesseract, sannan a bi sakamakon layi-layi a gyara.

Akwai kuma matsalar tsarin haruffa, wadda ta shafi rubutun Hausa kai tsaye. Haruffa masu ƙugiya ba su cikin ASCII mai alamomi 128, ba su kuma cikin Windows-1252, sai a Unicode, inda tsarin UTF-8 yake ba kowannensu bayit biyu. Idan manhaja ta karanta irin wannan fayil da tsarin Windows-1252, harafin ƙ zai fito a matsayin Æ™, kalmar ƙasa ta koma Æ™asa. Rubutun bai lalace ba, abin da ake bukata kawai shi ne a rufe fayil ɗin ba tare da an adana shi ba, a sake buɗe shi a zaɓi UTF-8. Wanda ya adana shi da tsarin da ba ya ɗauke da haruffan kuwa, alamar tambaya ce za ta maye gurbinsu, kuma sai da hannu za a dawo da su ɗaya bayan ɗaya.