Ku daina raba manhaja ta hanyar WhatsApp

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da masu koyon rubuta manhaja a cikin garin Sakkwato, ga amsoshin tambayoyinku kan rumbun manhaja wuri guda. Don Allah kada a sake tare ni da su a masallaci.

Mene ne rumbun manhaja?

Ma'ajiya ce a intanet, kowa ya sa tasa, kowa ya sauke da umarni ɗaya. Masu rubuta manhaja da harshen Python suna da rumbun PyPI tun 2003, masu harshen JavaScript suna da npm tun 2010.

Ana biyan kuɗi?

A'a, in dai don kowa ka sa.

Me ya hana in tura ta Xender ko filashi?

Haba malam. Ranar da ka gyara kuskure, kai za ka bi mutane daga Mabera zuwa Arkilla kana ba su sabuwa? A rumbu sau ɗaya za ka ɗora, kowa ya sabunta tasa.

Na rubuta wa wani mai shagon magani manhaja, ya biya ni. In sa ta?

To, nan sai an bi a hankali. Ya danganta da abin da kuka yi da Alhajin. In aikin ya saya gaba ɗaya, mai yiwuwa ba taka ba ce kuma. In da baki kuka yi magana, kamar yadda muka saba, koma ka tambaye shi, ya amince a rubuce. Ko ya yarda, ni da zan ba ka shawara, ɓangaren da zai amfani kowa kaɗai za ka cire, misali mai lissafin ranar lalacewar magani. Sunayen masu saye da kalmar sirri kada su bi ka, domin abin da ya hau, wani ya riga ya kwafa. Sannan ka zaɓi lasisi, wato sharuɗɗan amfani da manhajarka: MIT ya bar mutum ya yi yadda ya so muddin ya bar sanarwar sunanka, GPL kuwa ya wajabta wa wanda ya gyara ya raba, ya saki rubutunsa shi ma. In kuɗin da yawa, nemi lauya, ni ba shi ba ne.

Za a yi mini dariya, aikina ƙarami ne.

Kwantar da hankalinka, ƙanena. A Maris 2016 wani ya janye wata 'yar manhajarsa mai suna left-pad daga npm, layi 11 kacal, manhajoji masu ɗimbin yawa da suka dogara da ita suka ƙi haɗuwa.

Ashe zan iya gogewa in na gaji?

Tun bayan wannan rikicin npm ta tsaurara. Bayan awa 72 da ɗorawa, gogewa sai da sharuɗɗa.