Papunya: Yadda Zanen Dattawan Hamada Ya Kai Injin Wankin Ƙoda Ƙauye

Mene ne Papunya Tula, kuma su wa ke da shi?

Kamfanin masu zane ne a tsakiyar hamadar Ostiraliya. Masu shi 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda Turawa suka zo suka tarar, ana kiransu Aborijin. Ita Papunya sansani ce da gwamnati ta kafa a ƙarshen shekarun 1950, kimanin kilomita 240 daga garin Alice Springs. Nan aka tattaro ƙabilun Pintupi, Luritja, Warlpiri da Anmatyerre, aka raba su da ƙasar kakanninsu, wai su koyi zaman Turawa. Cuta da baƙin ciki suka yi musu mummunan ta'adi.

Ta yaya zane ya shigo cikin wannan hali?

A 1971 wani malamin makaranta Bature, Geoffrey Bardon, ya lura yara na zana alamomi a kan rairayi. Ya so a yi irinsu a bangon makaranta, amma labaran da alamomin ke ɗauke da su na manya ne, yaro ba ya taɓa su. Sai dattawa suka karɓi aikin, Kaapa Tjampitjinpa na kan gaba, suka zana labarin tururuwar zuma, wadda ƙasar Papunya ke da alaƙa da ita tun kaka da kakanni. Bayan 'yan shekaru hukuma ta shafe bangon da fenti. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: dattawan sun koma zane a kan katako da duk abin da hannu ya samu, kuma a 1972 suka kafa kamfaninsu.

Me ya sa zanen ya cika da ɗige-ɗige?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Zanukan farko sun fito da wasu sirrin bukukuwan gargajiya waɗanda ba kowa aka yarda ya gani ba, har a cikin ƙabilar. Da aka baje su a idon jama'a, wasu al'ummomin Aborijin suka fusata. Sai masu zanen suka sauya salo. Suka daina fito da wasu abubuwa, wasu kuma suka lulluɓe su da ɗigo kan ɗigo. Mai kuɗi a Sidni ko Landan zai ga kyan launi ya saya. Ɗan gida kuwa zai ga rijiya, da hanyar da kakanni suka bi, da wurin da suka yada zango. Su da kansu suka yanke abin da baƙo zai gani da wanda ba zai gani ba, kuma da kamfanin na wani ne, da wuya su samu wannan iko.

Mata fa?

Sun daɗe a gefe, suna taya mazajensu cike ɗigo. Sai a tsakiyar shekarun 1990 matan Kintore, wani ƙauyen Pintupi a cikin hamada, suka fara zanen kansu da sunansu, kuma wasunsu suka shahara ƙwarai.

Shin kuɗin na isa hannun mai zanen?

Ba kullum ba. Wani babban zane na Clifford Possum Tjapaltjarri, mai suna Warlugulong, an saye shi a 1977 kan dalar Ostiraliya 1,200. A 2007 aka yi gwanjonsa kan dala miliyan 2.4, shekara biyar bayan rasuwarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Sai a 2010 wata doka ta fara aiki, wadda ke ba mai zane ko magadansa kashi 5 cikin 100 idan aka sake sayar da aikinsa. Har gobe akwai dillalan da ke zagaya tsofaffi suna saye da araha, ga kuma jabun kayan tsaraba da ake yi a ƙasashen waje ana cewa aikin Aborijin ne.

To, me al'ummar ta gani a ƙasa?

A 1981 Pintupi suka fara komawa ƙasarsu, suka kafa Kintore, fiye da kilomita 500 daga Alice Springs. Sai ciwon ƙoda ya addabe su. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san ana yi ne sau uku a mako, don haka dole mara lafiya ya tare a birni. Dattijon da ya sha wuya kafin ya koma gida, sai ga shi an sake ɗauke shi, ya ƙare kwanansa cikin baƙi, ba dangi, ba mai jin yarensa.

Sai maza da matan Kintore da Kiwirrkurra, wani ƙauyen Pintupi, suka haɗu suka yi manyan zanuka na taron dangi. A shekarar 2000 aka yi gwanjonsu tare da wasu ayyuka a Sidni, aka tara fiye da dalar Ostiraliya miliyan ɗaya. Da kuɗin suka kafa ƙungiyar lafiya tasu, wadda yanzu aka fi sani da Purple House. A 2004 aka fara wankin ƙoda a Kintore. Yau ƙungiyar na da injina a ƙauyuka da dama na hamada, har da babbar mota mai ɗauke da injin, wadda ke raka marasa lafiya gida su halarci jana'iza ko biki, su kwana cikin danginsu.