Fistula ta wankin ƙoda: mece ce, kuma yaya ake yin ta?

Idan likitan ƙoda ya ce wa majiyyaci "za a yi maka fistula", ba ya nufin lalurar yoyon fitsari da mata ke samu bayan doguwar naƙuda, ko da yake sunan ɗaya ne a bakin ma'aikatan asibiti. Wannan hanya ce da likitan tiyata ke buɗewa da gangan a hannu, domin injin wankin ƙoda ya samu inda zai riƙa jan jini yana mayarwa.

Dalilin yin ta shi ne, injin yana buƙatar jini mililita 300 zuwa 400 a kowane minti, na tsawon awa huɗu, galibi sau uku a mako. Jijiyar saman fata da ake sa wa kanular ƙarin ruwa ba za ta iya ba; da an ja da ƙarfi sai ta lafe. Jijiya mai bugawa kuwa, wadda ke kawo jini daga zuciya, tana da ƙarfin amma tana can ciki, kuma huda ta a kai a kai haɗari ne. Sai aka haɗa su biyun. Likitoci Brescia, Cimino da Appel ne suka bayyana dabarar a New York a 1966, kuma har yau ita ce aka fi so.

Kafin a taɓa wuƙa, ana auna jijiyoyin da sikanin. Ana son mai bugawar ta kai faɗin milimita 2, ta saman fatar kuma 2.5. Ana zaɓar hannun da mutum bai cika aiki da shi ba, a fara daga wuyan hannu, domin in ta lalace a samu wurin hawa sama zuwa gwiwar hannu. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, majiyyaci yana farke. Likita zai tsaga fata kaɗan, ya yanke jijiyar saman fata, ya ɗaure ɓangaren da ke gangarawa yatsu, ya buɗe ƙaramar kafa a gefen mai bugawar, sannan ya ɗinke bakin ɗayar a kai da zare mai sirantar gashi. A gwiwar hannu kafar ba ta wuce milimita 4 zuwa 6, don kada jini ya kwarara fiye da kima. Ana sakin abin da aka matse jijiyoyin da shi lokacin aikin, sai a ɗora yatsa: in aiki ya yi, za a ji wurin yana zirrr ba tsayawa.

Abin da mutane suka fi kasa ganewa shi ne ba a amfani da ita nan take. Sai ta nuna. Ƙarfin jinin da ke shiga shi ke buɗa jijiyar yana kaurara bangonta, kuma hakan na cin mako shida zuwa wata uku. Ma'aunin da aka saba da shi: faɗi milimita 6, zurfi daga fata kada ya wuce milimita 6, gudun jini mililita 600 a minti. Wanda ya zo asibiti ƙoda ta riga ta tsaya, kamar yadda ake yawan gani a wurarenmu, dole a fara masa da kateta, wato bututun da ake zurawa cikin babbar jijiya, a wuya ko a matsematsi, ita kuwa ƙofar shigar ƙwayoyin cuta ce kai tsaye cikin jini. In jijiyoyin mutum sun yi ƙanƙanta, akan dasa bututun roba a ƙarƙashin fata ya haɗa su. Yana saurin shiryawa, amma ya fi saurin toshewa.

Ba kowace fistula ke nuna ba, musamman a masu ciwon suga da tsofaffi. Mafi yawan matsalar ƙuntatar jijiya ce dab da ɗinkin, inda jini ke bugun bango har ya yi kauri. A nan ake zura balan-balan a buɗa. In hawan jini ya faɗi sosai bayan wanki, ko aka kwana a kan hannun, gudan jini na iya toshe ta. Akwai kuma satar jini, inda fistula ke kwashe rabon yatsu, hannu ya yi sanyi, ya dusashe, yana zogi. Huda wuri ɗaya kullum yana raunana bango har ya kumbura kamar ƙulli, shi ya sa ƙwararriyar nas ke sauya wurin allura duk zuwa.

Don haka tun ranar da aka ce ciwon ƙoda ya yi nisa, a hana sa kanula a jijiyoyin dantse da gwiwar hannu, a ɗebi jini a bayan tafi. Bayan aiki kuma ba awon jini a wannan hannun, ba agogo ko warwaro mai matsewa, ba ɗaukar jarkar ruwa. A taɓa wurin kowace safiya. In zirrr ɗin ya ɗauke, a tafi asibiti a ranar, domin gudan jinin da bai daɗe ba ana iya cire shi a ceto fistular.