Kuɗin Ƙananan Hukumomi a Jihar Sakkwato

Kuɗin ƙananan hukumomi a Jihar Sakkwato su ne dukiyar da ƙananan hukumomi 23 na jihar ke samu daga asusun tarayya, haɗe da abin da suke tarawa da kansu a kasuwanni da tasoshin mota da mahauta, domin biyan albashi da yi wa jama'a aiki. Ƙananan hukumomin su ne Binji, Boɗinga, Dange Shuni, Gada, Goronyo, Gudu, Gwadabawa, Illela, Isa, Kebbe, Kware, Rabah, Sabon Birni, Shagari, Silame, Sakkwato ta Arewa, Sakkwato ta Kudu, Tambuwal, Tangaza, Tureta, Wamakko, Wurno da Yabo. Suna cikin ƙananan hukumomi 774 da tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya san da zamansu, kuma an kasa su zuwa mazaɓu 244. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum wajen miliyan 3.7, galibinsu mazauna karkara, waɗanda makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da rijiyar burtsatse su ne gwamnatin da suke gani da idonsu.

Kafin zuwan Turawa

Maganar haraji tsohuwar magana ce a ƙasar Sakkwato, har tana cikin tushen jihadi. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da sarakunan ƙasar Hausa na zamaninsa ke ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba. Daular da aka kafa bayan 1804 ta jingina baitulmalinta a kan zakka da ganima da dukiyar da ba ta da magaji, sai kuma gaisuwar da sarakunan Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi da sauransu ke aiko wa Sarkin Musulmi. Duk da haka, wasu daga cikin harajojin da aka yi wa'azi a kansu sun sake dawowa a masarautu da dama kafin ƙarni na 19 ya ƙare.

Zamanin En'e

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Dokar haraji ta 1906 ta tattara harajoji iri-iri ta mayar da su guda biyu a aikace: haraji a kan maza baligai, jangali a kan shanu. An yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka umarci kowane uban ƙasa ya koma ya zauna a cikin ƙasarsa. A Sakkwato uban ƙasa ake ce wa shugaban gunduma, na ƙasa da shi kuma hakimi, saɓanin Kano inda hakimi ke saman dagaci. Wajajen 1911 aka kafa baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki da majalisarsa, a manyan masarautun Arewa. Daga nan aka yanka wa sarki da 'yan majalisarsa da alƙalai da uwayen ƙasa albashi, kuɗin haraji suka daina zama rabon mai sarauta, suka koma kuɗin hukuma masu littafi da kasafi. Gwamnatin mulkin mallaka na ɗaukar kasonta, wanda a farko galibi rabi ne, sauran ya zauna a baitulmali. Lardin Sakkwato na da En'e huɗu: Sakkwato, Gwandu, Argungu da Yawuri. Ta Sakkwato ce babba, domin ta haɗa har da ƙasar da yau ake kira Jihar Zamfara.

Yadda ake tara kuɗin ya cancanci a tsaya a kansa. Malamin haraji kan fita da littafi ya rubuta sunan kowane baligi namiji a ƙauye. Bayan kaka, idan amfanin gona ya shigo gida, mai unguwa ya bi gida-gida ya karɓa, ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa uban ƙasa, uban ƙasa ya aika wa ma'aji a birni. Wanda ya biya ana ba shi 'yar takardar shaida, wadda yakan naɗe ya sa a hula ko a laya, domin ɗan doka na iya tare shi a hanyar kasuwa ya ce ya nuna. Jangali kuwa da damina ake karɓarsa, lokacin da makiyaya suka dawo mashekari, a ƙirga shanu a biya a kan kowane kai. Makiyayi na ɓoye wasu a daji, mai ƙirga na iya rage adadi a littafi ya sa bambancin a aljihu, shi ya sa jangali ya fi kowane haraji jawo zargi. Shari'ar da ta fi shahara a kansa ita ce ta Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya riƙe ƙasar Rabah daga 1934. A wajajen 1943 kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifin taɓa kuɗin jangali, ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi a Zariya. Shi ne daga baya ya zama ministan ƙananan hukumomi na Jihar Arewa, sannan Firimiya a 1954, shekarar da aka yi sabuwar dokar En'e.

Da waɗannan kuɗi En'e ke riƙe da 'yan doka da dogarai, gidan yari, kotunan alƙalai, makarantun elementare da midil, ɗakunan shan magani, malaman daji, allurar shanu, da gyaran hanyoyin rani. Masu tuna zamanin da alheri suna cewa ko kwabo ya ɓace a littafi sai an nemo shi, kuma da gaskiyarsu, domin Razdan da Di'o, Turawan da ke kula da lardi da yankunansa, na bin kasafin layi-layi. Amma talaka ya ɗanɗana kuɗarsa. An sayar da akuyar gida don biyan haraji, samari sun tafi ci-rani nemo shi, wasu sun ƙetare iyaka zuwa ƙasar Nijar da ke hannun Faransa gudun sa, kuma mai biya ba shi da bakin tambayar inda kuɗinsa suka tafi. Wannan ne ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nemi a gyara tsarin En'e a majalisar Arewa a 1950, kuma a kansa jam'iyyar NEPU ta gina yawancin gwagwarmayarta. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnati ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e a hankali, cikin 'yan shekaru.

Gyaran 1976 da abin da ya biyo baya

Gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976, shekarar da aka kafa Jihar Sakkwato, ya kawo tsari iri ɗaya a duk ƙasa: ƙaramar hukuma mai mutum tsakanin 150,000 zuwa 800,000, da majalisar kansiloli, da kaso daga gwamnatin tarayya. Sarakuna suka koma masu ba da shawara. A 1984 aka naɗa kwamitin sake duba tsarin a ƙarƙashin Alhaji Ibrahim Dasuƙi, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Kason ƙananan hukumomi ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari a farkon shekarun 1980 zuwa 15 a 1990, sannan 20 a 1992, kuma gwamnatin Babangida ta ɗan jarraba tura musu kuɗinsu kai tsaye. Cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996 ne ya bar jihar da iyakokinta na yanzu.

Babban sauyin da aka samu a wannan tsakani shi ne inda kuɗin ke fitowa. Gwamnatocin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna sun soke haraji da jangali a 1979, kuma harajin kai ya yi ta ja da baya a sauran Arewa yayin da kuɗin man fetur ke ƙaruwa. Talaka ya huta da ɗan doka, wannan alheri ne. Sai dai hukumar da a da take cin abinci daga hannun manomi yanzu idonta na kan Abuja da gidan gwamnatin jiha, kuma wanda ke ba ka shi kake saurare.

Hanyoyin samun kuɗi a yau

Bisa tsarin rabon da ake aiki da shi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Daga harajin kayayyaki na VAT kuma suna da kashi 35. Kwamitin rabon asusun tarayya, FAAC, na zama kowane wata ya raba. Tsakanin su kansu, ana kasa kashi 40 daidai-wa-daida, 30 bisa yawan jama'a, sai goma-goma bisa faɗin ƙasa, da bukatun ci gaban al'umma, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Doka ta kuma ce jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 na kuɗin da ta tara a cikin gida.

Abin da suke tarawa da kansu kaɗan ne idan aka kwatanta. Dokar haraji ta 1998 ta ba su kuɗin rumfuna da shaguna, kuɗin kasuwa da tasha, kuɗin yanka a mahauta, lasin keke da amalanke da baro da kwalekwale, rajistar aure da haihuwa da mutuwa, da harajin shanu a kan masu kiwo. Inda harkar ke da tsoka shi ne manyan kasuwannin mako, kamar ta Illela da ke ci ranar Lahadi a bakin iyakar Nijar daura da Birnin Ƙonni, da ta Acida a ƙasar Wurno da ke ci ranar Laraba. A irin waɗannan kasuwanni, mai karɓar kuɗin hukuma na tsaye a bakin shiga da littafin rasit, yana yaga ɗaya kan kowace dabba ko buhun albasa ko motar da aka loda. Duk kuɗin da aka miƙa ba tare da an yagi rasit ba, ko aka yagi na jabu, ba zai taɓa isa wurin ma'aji ba, kuma nan ne babbar ɓarakar wannan fanni.

Asusun haɗin gwiwa

Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason wata-wata ke fara sauka. A nan ake cire albashin malaman firamare, da fanshon ma'aikata, da kuɗin horaswa, da kason majalisar masarauta, da na ayyukan haɗin gwiwa, kafin a raba saura. Gwamnoni na cewa ba don haka ba, ƙananan hukumomi marasa ƙarfi ba za su iya biyan malamansu ba. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE na cewa asusun ne ya mayar da sakatariyoyi wuraren rabon albashi kawai.

A 2019 hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi ta ƙayyade cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa Naira 500,000 a rana. Yunƙurin gyara tsarin mulki don soke asusun bai samu amincewar majalisun jihohi 24 da ake bukata ba. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Sakkwato ta yi zaɓenta a watan Satumban 2024, APC ta lashe kujeru 23 duka, kamar yadda PDP ta lashe duka a 2021 lokacin da take mulki. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri da taƙaddama a faɗin ƙasa.

Kasafi da bincike

A ƙa'ida, shugaban ƙaramar hukuma ne ke da alhakin duk kuɗin da aka kashe. Sassan ayyuka, lafiya, noma, ilimi da walwalar jama'a na kawo bukatunsu, ma'aji ya haɗa kasafi, kansiloli su amince. Ba a fitar da kuɗi sai da takardar biya, wadda ma'aikata ke kira bauca, mai ɗauke da lambar kason da za a cira da rasitai a maƙale, kuma sai odita na cikin gida ya duba ya sa hannu. A ƙarshen shekara Babban Odita na ƙananan hukumomi ya binciki littattafai ya kai rahoto majalisar dokokin jiha. Matsalolin da irin waɗannan rahotanni suka fi nunawa a Nijeriya su ne bauca marar rasit, kuɗin da aka ba ma'aikaci don wani aiki bai dawo da bayani ba, kwangilar da aka biya ba a gama ba, da ma'aikatan bogi. Tsarin a takarda ba shi da laifi. Rauninsa shi ne kasafin ba ya isa hannun mai unguwa ko shugaban kwamitin makaranta, alhali su ne suka san ajin da rufinsa ya yaye da burtsatsen da ya shekara ba ya ba da ruwa.

Ayyukan jama'a

Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tasoshi, mahauta, maƙabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, magudanun ruwa da ƙananan hanyoyi, tare da sa hannu a ilimin firamare da na manya, da noma, da kiwon lafiya. A aikace, tafiyar da firamare na hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, asibitocin matakin farko kuma na ƙarƙashin hukumar jiha mai kula da su, ko da yake kuɗin ƙananan hukumomi na cikin abin da ke riƙe da duka biyun. Wannan ya sa idan malami bai zo aji ba, ko magani ya ƙare, da wuya uwar yaro ta san ƙofar da za ta buga. Gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a ƙarshen 2015.

Rashin tsaro ya ƙara nauyin. A Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo a gabas, da Tangaza da Gudu a arewa maso yamma, hare-haren 'yan bindiga sun rufe makarantu da asibitoci a ƙauyuka da yawa, sun kuma rage cin kasuwanni. An kai wa kasuwar Goronyo hari a watan Oktoban 2021, aka kashe mutane da dama. A wasu garuruwan gabashin jihar 'yan bindigar ne ke yanka wa mazauna haraji kafin su bar su su yi noma ko girbi, a wuraren da mai rasit na hukuma ya daɗe bai taka ba.