Waiwaye: Yadda ƙasashe suka gayyato baƙi, daga baya suka rufe ƙofa

Kafin yaƙin duniya na farko, mutum kan tsallaka iyakokin ƙasashen Turai da dama ba tare da fasfo ba. Yaƙin ne ya sa aka tsaurara, sannan a 1920 aka yi taro a Paris aka daidaita fasalin fasfo tsakanin ƙasashe.

Bayan yaƙi na biyu masana'antu sun rasa ma'aikata. Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniya da Italiya a 1955, da Turkiyya a 1961, bisa sharaɗin Baturke ya yi shekara biyu ya koma gida. Masu kamfanoni suka ƙi yarda, don ba wanda zai horar da mutum ya sallame shi daidai lokacin da hannunsa ya faɗa. A 1964 aka soke wa'adin. Da farashin mai ya tashi a 1973, gwamnati ta dakatar da ɗauko ma'aikata, tana zaton za su watse. Sai aka samu akasi. Wanda ya san in ya fita ba zai sake samun shiga ba, zama ya yi, ya aika a kawo masa mata da yara. Masu tsara manufofi sun daɗe suna maimaita wannan kuskure: ƙofar da aka rufe tana hana fita fiye da yadda take hana shigowa. Amurka ma ta ɗanɗana, bayan ta kawo ƙarshen shirin Bracero na leburorin gona 'yan Meziko a 1964. Gonaki ba su daina neman hannu ba, takardu ne kawai suka ɓace.

Batun 'yan gudun hijira daban ne. Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ta haramta mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari, kuma a 1967 aka cire iyakar lokaci da ta yanki daga cikinta. Amma tsarin Dublin na Tarayyar Turai ya ɗora nauyin mai neman mafaka, galibi, a kan ƙasar da ya fara takawa, wato Italiya da Girka, masu bakin teku. A 2015, da sama da mutum miliyan ɗaya suka iso ta ruwa, tsarin ya kasa ɗauka.

Daga nan Turai ta koma tsare iyakarta daga nesa. A Maris 2016 ta yi yarjejeniya da Turkiyya don ta tare masu tsallakawa Turai, yarjejeniyar da kuɗinta ya kai Yuro biliyan 6. Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, aka kama direbobi a Agadas, aka ƙwace motoci. Masu safara suka bar hanyar da aka sani suka bi ta inda babu rijiya, kuɗin tafiya ya hau, haɗari ya ƙaru. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamba 2023. Birtaniya kuwa ta biya Ruwanda kuɗi don ta karɓi masu neman mafaka, kotun ƙoli ta ce shirin ya saɓa doka a 2023, sabuwar gwamnati ta yi watsi da shi a Yuli 2024 ba tare da an tura ko mutum ɗaya ta tilas ba.