Tsarin Bertillon na gane masu laifi

Tsarin Bertillon hanya ce ta tantance mutum ta auna sassan jikinsa da ɗaukar hotonsa, wadda Alphonse Bertillon (1853-1914) ya ƙirƙiro a hedikwatar 'yan sandan birnin Paris, inda ya kama aikin akawu a 1879.

Matsalar da ya tarar ta daɗe. Tun 1832 Faransa ta hana yi wa masu laifi lalas da ƙarfe mai zafi, sai ya zamana wanda aka taɓa ɗaurewa yana iya sauya suna ya gurfana gaban alƙali tamkar sabon shiga, ya tsira daga hukuncin da aka tanadar wa mai maimaita laifi. An soma ɗaukar hotunan fursunoni a Beljiyam tun shekarun 1840, amma hoto shi kaɗai bai raba gardama ba, domin hotunan sun taru jingim, kowane mai hoto da irin haskensa da nisansa, kuma ba yadda za a zaƙulo fuska ɗaya matuƙar mai ita ya ba da sunan ƙarya.

Bertillon ya dogara ne da cewa ƙasusuwan baligi ba su cika canzawa ba. Akan tsayar da wanda aka kama ba takalmi, a yi masa awo 11, ciki har da tsayinsa a tsaye da a zaune, tsawon kai da faɗinsa, kunnen dama, tafin ƙafar hagu da ɗan yatsan tsakiya na hagu. Akan rubuta su a kati, a kasa kowane awo gida uku: ƙarami, matsakaici da babba. A nan hikimar take, domin rabon nan yakan rage dubban katuna su koma 'yan ƙalilan da jami'i zai duba da ido. A watan Fabrairun 1883 aka fara gano mai maimaita laifi ta wannan hanya, a 1888 kuma Bertillon ya daidaita yadda ake ɗaukar hoton: ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, da haske da nisa iri ɗaya.

Raunin tsarin shi ne jami'ai biyu kan auna mutum ɗaya su sami lambobi daban. Zanen yatsa ba shi da wannan illa, ga shi kuma mai laifi kan bar shi a inda ya yi ta'asa. A 1892 hanyar zanen yatsa ta Juan Vucetich, wani jami'in 'yan sanda, ta taimaka aka tabbatar da laifin kisa a Ajantina. A 1897 aka buɗe ofishin zanen yatsa a Kalkata ta Indiya, inda Azizul Haque da Hem Chandra Bose suka yi babban aikin tsara rabe-raben da ya ɗauki sunan shugabansu Edward Henry, kuma abin takaici ne yadda aka daɗe ba a ambaton su. 'Yan sandan Landan sun rungumi tsarin Henry a 1901, daga nan awon jiki ya soma ja da baya, amma hoton gaba da gefe har yau 'yan sanda na ɗauka.